Sarki Ashoka na Indiya: Mayaƙin da Ya Koma Yaƙar Zuciyarsa

Ashoka shi ne sarki na uku a daular Mauriya, wadda ta mallaki mafi yawan ƙasar Indiya ta dā. Kakansa Candaragubta ne ya kafa daular, mahaifinsa Bindusara ya gaje shi, shi kuwa ya hau gadon mulki wajen shekara ta 268 kafin Miladiyya. Fadarsa tana birnin Patalibutura, inda garin Patna yake a yau. Littattafan mabiya addinin Buda sun ce ya yi gwamnan Ujjaini a zamanin mahaifinsa, sun kuma siffanta shi da zafin rai da rashin tausayi a ƙuruciyarsa, har wasunsu suka ce sai da ya hallaka 'yan'uwansa kafin sarauta ta tabbata a hannunsa. Masana tarihi suna karɓar waɗannan labarai da hattara, domin an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa, kuma masu rubutun suna da bukatar baƙanta farkonsa don ƙarshensa ya ƙara haske. Shaidar da aka fi dogara da ita ita ce rubuce-rubucen da shi da kansa ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu da ginshiƙai a sassan ƙasarsa.

A shekara ta takwas bayan naɗinsa, wato wajen 261 kafin Miladiyya, Ashoka ya kai wa ƙasar Kalinga yaƙi. Ƙasa ce da ke gabar tekun gabashin Indiya, a yankin jihar Odisha ta yanzu. Ya yi nasara, kuma shi ne ya bar mana lissafin abin da nasarar ta ci: an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000 daga gidajensu, waɗanda suka mutu daga baya kuwa sun ninka haka. Sarakunan wancan zamani sukan rubuta irin wannan adadi ne don alfahari. Ashoka ya rubuta shi ne yana bayyana baƙin ciki da nadama. Abin da ya fi damunsa, a yadda ya bayyana, shi ne mutanen kirki masu biyayya ga iyaye da malamai da yaƙin ya raba da masoyansu, har wanda ya tsira da ransa ma bai tsira daga ciwon rashin nasa ba.

Sauyin halinsa bai zo dare ɗaya ba, kuma bai ɓoye hakan ba. A wani rubutun nasa ya faɗa cewa ya shafe sama da shekara biyu da rabi yana mabiyin Buda ba tare da wani ƙwazo ba. Sai da ya kusanci jama'ar masu zuhudu ta addinin, wadda ake kira Sanga, na tsawon fiye da shekara guda, sannan himmarsa ta tashi. Koyarwar Buda ta ginu ne a kan cewa kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu su ne tushen wahalar ɗan Adam, kuma natsuwa tana samuwa ne ta hanyar horar da zuciya da kame hannu da harshe. Mutumin da ya saba a yi abin da ya ce nan take, ba ƙaramin aiki ne a gare shi ya koyi wannan ba.

Alamun horon sun fara bayyana ne a cikin gidansa. Ɗakin girkin fada, inda a dā ake yanka dabbobi masu ɗimbin yawa kullum, ya koma yanka ɗawisu biyu da barewa ɗaya, barewar ma ba kullum ba, tare da alkawarin za a daina gaba ɗaya. Ya bar fita farauta irin ta sarakunan da suka gabace shi, ya maye gurbinta da rangadin ganawa da talakawa da tsofaffi da masu ibada. A shekara ta goma ta sarautarsa ya ziyarci Bodi Gaya, wurin da mabiya suka yi imani Buda ya sami wayewa. A shekara ta ashirin ya je Lumbini, mahaifar Buda a ƙasar Nefal ta yau, ya kafa ginshiƙi, ya kuma sassauta wa mutanen ƙauyen haraji. Ya ba da umarni a riƙa kawo masa rahoton al'amuran jama'a a kowane lokaci, ko yana cin abinci ko yana cikin gida wajen iyali.

Abin da ya kira Damma, wato tafarkin kyawawan ɗabi'u da ya yi wa talakawansa wasiyya da shi, bai taƙaita ga mabiya Buda ba. Ya ƙunshi biyayya ga iyaye, kyautata wa bayi da barori, kyauta, gaskiya, da rage ɓarnar dukiya. Ya lura cewa mutum yakan ga alherin da ya aikata ya kau da kai daga sharrinsa, don haka ya yi kira ga kowa ya riƙa bincikar kansa a kan fushi da mugunta da girman kai da hassada. Ya kuma gargaɗi masu addinai da su kame bakinsu, domin a ganinsa wanda ya kushe addinin wani don ɗaukaka nasa, nasan yake cutarwa. Ya aikata abin da ya faɗa, don kuwa ya ba mabiya ɗariƙar Ajibika, waɗanda ba addininsu ɗaya ba, kyautar koguna da aka sassaƙa a duwatsun Barabar. A shekara ta goma sha uku ya naɗa jami'ai na musamman masu kula da Damma, waɗanda aikinsu ya haɗa da duba halin fursunoni da tsofaffi. Ya sa aka haƙa rijiyoyi a bakin hanyoyi, aka dasa itatuwan inuwa da na mangwaro, aka gina masaukin matafiya, aka tanadi magani ga mutane da dabbobi.

Duk da haka, Ashoka bai daina zama sarki mai ƙarfi ba. Bai mayar wa Kalinga 'yancinta ba. Bai soke hukuncin kisa ba, iyakarsa ya ba wanda aka yanke wa hukuncin jinkirin kwana uku don 'yan'uwansa su nemi sassauci ko shi ya shirya wa mutuwa. A cikin rubutun nan na nadama ya tuna wa ƙabilun daji cewa har yanzu yana da ikon hukunta su. Wani abin lura shi ne, wannan rubutu ba a sassaƙa shi a Dauli da Jaugada da ke cikin Kalinga ba. A can wasu rubutu aka sa, inda yake kiran dukkan mutane 'ya'yansa, yana jan kunnen ma'aikatansa a kan garaje da fushi da ɗaure mutane ba bisa hakki ba.

Ya aika manzanni zuwa ga sarakunan Girkawa na Sham da Masar, kuma tarihin Siri Lanka ya ce ɗansa Mahinda da 'yarsa Sangamitta ne suka kai addinin Buda tsibirin. Ya rasu wajen 232 kafin Miladiyya, daular kuma ta rushe kimanin shekara hamsin bayansa. Daga nan aka manta yadda ake karanta rubutun duwatsun, har sai 1837 lokacin da James Prinsep ya warware haruffan Birahmi. A 1915 aka gano wani rubutu a Maski mai ɗauke da sunan Ashoka, wanda ya tabbatar da cewa shi ne sarkin da yake kiran kansa Piyadasi. A yau da'irar da ke tsakiyar tutar Indiya da zakunan da ke tambarin ƙasar duk daga ginshiƙinsa na Sarnat aka ɗauko su. Girman ƙasar da ya mallaka ya daɗe da gushewa, abin da ya rage ana karantawa shi ne shaidar da ya bayar a kan laifinsa da ƙoƙarinsa na gyara halinsa.