Muhammad Bin Musa Alhawarizmi: Malamin da ya Koyar da Lissafi da Zance

Idan aka bincika, za a tarar da yawa daga cikin ɗaliban da ke nazarin harshe lissafi ne ya koro su. Tun daga firamare ake ce wa yaro ba shi da kan lissafi, shi ma ya yarda, ya girma yana ganin da'ira da kashi cikin ɗari tamkar dodanni. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, mutumin da ake yi wa laƙabi da uban aljabara ya rubuta littafinsa ne da zallar zance, babu alamomin nan masu firgita ɗalibi, hatta lambobin ma da kalmomi ya ambace su. Wannan mutum shi ne Muhammad bin Musa Alhawarizmi.

An haife shi wajajen shekarar 780. Sunan nasa jingina ce ga Hawarizm, yankin da ke kudu da tafkin Aral, inda garin Kiba yake a ƙasar Uzbekistan ta yau. Amma a birnin Bagadaza ya yi rayuwarsa ta ilimi, a zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Ibnun Nadim, mai littafin Alfihrist, ya bayyana cewa a taskar littattafan halifan ya yi aiki, wato wurin da aka fi sani da Baitul Hikma, inda ake fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci.

Wajajen shekarar 820 ya rubuta littafin da ya fito da shi, Almukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. A gabatarwar littafin ya faɗi waɗanda ya yi dominsu, kuma ba manyan masana ba ne. Masu rabon gado ne, da masu zartar da wasiyya, da masu shari'a, da 'yan kasuwa, da masu awon gona da haƙa magudanar ruwa. Saboda haka ya taƙaita a kan abin da ya fi sauƙi kuma ya fi amfani. Kusan rabin littafin ma matsalolin gado ne da wasiyya, wato fagen su sulusi da rubu'i da sudusi da tumuni, kalmomin da Hausa ta ara daga Larabci kamar yadda ta ari lissafi da sifiri. Ita kanta kalmar jabru asalin ma'anarta ɗori ne, irin wanda maɗori ke yi wa karyayyen ƙashi: ɓangaren lissafin da aka rage wa wani abu sai a ɗora masa, a kuma ƙara daidai wannan a ɗaya ɓangaren.

Bari mu dubi yadda ya tunkari da'ira, domin a nan ne ɗalibai da yawa ke jefar da alƙalami. Ya ce a ninka faɗin da'ira sau uku da ɗaya bisa bakwai, abin da ya fito shi ne kewayenta. Ya kawo misalin da'ira mai faɗin kamu 7, kewayenta ya zama kamu 22. Wannan ita ce 22 bisa 7 da ake sa yara su haddace ba tare da an gaya musu daga ina ta fito ba. Alhali duk wanda ya ɗauki zare ya zagaya bakin faifai, sannan ya gwada zaren a faɗin faifan, zai ga ya shiga sau uku da ɗan saura. Wannan ɗan sauran shi ne ɗaya bisa bakwai ɗin.

Wani abin yabo shi ne bai ɓoye wa mai koyo cewa wannan adadi ƙiyasi ne ba. Ya bayyana cewa shi ne jama'a ke aiki da shi yau da kullum, sannan ya kawo wasu biyu: na masana awo, da na masana taurari waɗanda ke ninka faɗin da 62832 su raba da 20000, abin da ke ba da 3.1416. A ganina wannan gaskiyar ta fi taimakon ɗalibi mai rauni fiye da sassauta masa jarrabawa, domin yaron da ya auna ya ga awonsa bai faɗa daidai cif ba, sai ya ɗauka shi ne daƙiƙi, alhali adadin ne ba ya ƙarewa.

Game da filin da ke cikin da'ira kuwa, ƙa'idarsa ita ce rabin faɗi sau rabin kewaye. A misalin nan na baya, uku da rabi sau 11, ya ba da 38 da rabi. Wanda ke son ya gani da idonsa, ya yanka takarda mai zagaye sala-sala kamar yadda ake yanka kankana, ya jera salolin ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa. Zai ga sun zama kusan shimfiɗar tabarma, tsawonta rabin kewaye, faɗinta rabin faɗin da'irar.

Alamar kashi cikin ɗari da muka sani ta zo ne ƙarnoni bayansa, ta hannun 'yan kasuwar Italiya. Amma tushen abin yana cikin ɗan gajeren babin da ya yi a kan ciniki. Ya nuna cewa duk saye da sayarwa da canji da ijara suna tafiya ne a kan adadi huɗu, uku sanannu, ɗaya ake nema. Ya ba da misalin ɗan ƙodago da aka ɗauka a kan dirhami 10 a wata, ya yi kwana 6 ya tsaya. Kwana 6 ɗaya bisa biyar ne na wata, don haka ladansa dirhami 2 ne. To kashi cikin ɗari ba wani abu ba ne illa wannan tambaya, an mai da ɗaya daga cikin adadin ya zama 100. Ɗalibin da ya ci maki 18 cikin 30, nawa zai ci da a ce cikin 100 ne? A ninka 18 da 100, a raba da 30, a sami 60. Haka zakkar kuɗi, ɗaya cikin 40, ita ce biyu da rabi cikin ɗari.

Ko a inda lissafin ya yi zurfi, bai bar wannan hanya ba. Shahararren misalinsa shi ne: wane adadi ne idan aka ninka shi da kansa, aka ƙara masa ninkinsa goma, zai ba da 39? Ya ce a raba goma biyu a sami 5, a ninka 5 da kanta a sami 25, a haɗa da 39 ya zama 64, tushen 64 shi ne 8, a cire 5, saura 3. Bai tsaya nan ba, sai da ya zana murabba'i ya cike kusurwarsa da ta yi giɓi, don mai karatu ya ga dalilin kowane mataki.

Ya kuma rubuta littafi a kan lissafi da lambobin Indiya, inda ya koyar da lambobi tara da ƙaramar da'ira mai riƙe gurbin da babu komai, wato sifiri. Asalin Larabcinsa ya ɓata, fassarar Latin ce ta tsira, kuma a cikinta aka rubuta sunansa Algoritmi, wanda daga gare shi aka sami kalmar algoridim da masana kwamfuta ke amfani da ita. Yana da jadawalin taurari mai suna Zijus Sindhind, da littafin Suratul Ardi a kan labarin ƙasa.

Alhawarizmi ya rasu wajajen shekarar 850. A 1145 wani Bature ɗan Ingila, Robert na Chester, ya fassara littafin aljabara zuwa Latin a ƙasar Sifen, daga nan ya shiga makarantun Turai. Kwafin Larabci da aka rubuta a 1342 yana ajiye a Oksfod, kuma shi ne Frederic Rosen ya buga tare da fassarar Ingilishi a 1831.