Thomas Midgley: Injiniyan da gas ɗinsa ya sanyaya motocin duniya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya san darajar na'urar sanyaya mota.

To amma mai tsohuwar Peugeot 504 ko Marsandi ƙirar shekarun 1980 idan ya kai ta wurin mai gyaran esi, abin da zai fara ji shi ne an daina yin gas ɗin da aka ƙera ta da shi, wato R-12.

Wanda ya jagoranci samar da wannan gas wani injiniya ne ɗan ƙasar Amurka mai suna Thomas Midgley.

An haife shi ranar 18 ga watan Mayun 1889 a garin Beaver Falls da ke jihar Pennsylvania, ya kuma kammala karatun injiniya a Jami'ar Cornell a shekarar 1911.

A 1916 ne ya fara aiki a ɗakin binciken Charles Kettering da ke birnin Dayton, wanda daga baya ya koma ƙarƙashin kamfanin General Motors.

Dalma a cikin fetur

Aikin farko da ya fito da sunansa bai shafi sanyi ba. Injinan motocin wancan zamani suna fama da ƙwanƙwasa idan fetur bai ƙone daidai ba, kuma a watan Disamban 1921 Midgley ya gano cewa ɗigon wani sinadari mai ɗauke da dalma yana magance matsalar.

An fara sayar da irin wannan fetur a 1923 da sunan Ethyl, sunan da bai ambaci dalma ba ko kusa.

Ba za a ce Midgley bai san haɗarin ba, domin a wannan shekarar shi kansa sai da ya tafi Miami dogon hutu saboda gubar ta taɓa shi.

A watan Oktoban 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke jihar New Jersey, wasu da dama kuma suka zautu. Duk da haka ya tsaya gaban 'yan jarida ya zuba sinadarin a hannunsa, ya shaƙe shi har tsawon minti guda, domin nuna cewa ba ya cutarwa.

Mutanen arewacin Najeriya ba sa buƙatar dogon bayani kan wannan guba, tun bayan ɗaruruwan yaran da ta hallaka a ƙauyukan masu haƙar zinariya na jihar Zamfara a 2010. Ita kuwa ta cikin fetur sai a 2021 aka kawo ƙarshenta a motocin duniya, bayan da Aljeriya ta daina sayarwa.

Gas mai kashe kyandir

A ƙarshen shekarun 1920, firji da na'urorin sanyaya ɗaki suna aiki ne da sinadarai irin su amoniya, waɗanda idan suka tsiyaya sukan kashe mutane ko su kama da wuta.

Kettering ya ɗora wa Midgley alhakin neman madadi, kuma a 1928 shi da abokan aikinsa Albert Henne da Robert McNary suka tsayar da shawara kan sinadarin da aka raɗa wa suna Freon, wanda masu gyara suka sani da R-12.

A 1930, gaban taron ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, ya zuƙi gas ɗin ya cika ƙirjinsa, sannan ya hura ya kashe kyandir. A wannan karon abin da ya nuna gaskiya ne: ba ya da dafi, ba ya kuma cin wuta.

Wannan ne ya buɗe ƙofar sanya esi a mota. Kamfanin Packard ne ya fara a 1939, da wata na'ura da ta cinye kusan rabin but, kuma idan direba yana son kashe ta gaba ɗaya sai ya tsaya ya cire bel daga inji.

Midgley bai ga yaɗuwar abin ba. Cutar shan inna ta kama shi a 1940 ta nakasa shi, sai ya haɗa wata na'ura ta igiyoyi da ke ɗaga shi daga gado. A cikin igiyoyin nan aka tarar da shi a shaƙe ranar 2 ga watan Nuwamban 1944, yana da shekaru 55, kuma yana shugabancin ƙungiyar masana sinadaran.

Shekaru 30 bayan mutuwarsa, a 1974, masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa irin wannan gas yana hawa sama ya cinye ozon, wato lemar da ke kare doron ƙasa daga hasken rana mai cutarwa. A nan kam da wuya a zarge shi, domin babu wanda ya hango hakan a zamaninsa.

Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tanadi daina yin gas ɗin, ƙasashe masu arziki a 1996, masu tasowa irin su Najeriya kuma a 2010.

Saboda haka mai tsohuwar mota a yau yawanci sai ya koma R-134a, wanda sababbin motoci suka rungumi tun farkon shekarun 1990. Ba ɗura shi kawai ake yi ba. Man kwampiresa na da ba ya gauraya da sabon gas, don haka sai an wanke bututai an sauya man, an kuma canza robobin mahaɗa da tukunyar da ke tsotse danshi. Sau da yawa kuma sai an sa babbar kwandensa ko ƙarin fanka, in ba haka ba sanyin kan ragu da zarar mota ta tsaya cikin cunkoso.

Shi ma R-134a yana ƙara ɗumamar yanayi, kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi rage amfani da shi sannu a hankali.