Likita Stirrett, Bature Mai Magani

A lokacin jubili irin wannan ya wajaba mu tuna da waɗanda suka share gona tun kafin mu zo shuka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Likita Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani.

An haife shi a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Ya koyi aikin haɗa magani, ya buɗe kanti a birnin Toronto, kasuwa kuwa ta yi masa kyau. Daga baya ya yi karatun likita. A zamanin nan labarin da ake ji daga ƙasashenmu mai ban tsoro ne. A 1893 samari uku suka sauka Ikko domin su kai bishara arewa, wato Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Stirrett ya san wannan sarai, amma ya bar dukiyarsa a hannun mishan ɗin da aka sani daga baya da sunan S.I.M., ya shiga jirgin ruwa, ya iso Nijeriya a 1902, yana da shekara 37.

Ya fara aiki a Patigi, a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe, a 1904 kuma ya koma Wushishi. Zazzaɓi ne babban abin da yake kashe Turawa a lokacin, shi kuwa ya dage wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kowace rana. Ta haka waɗansu da yawa suka rayu suka daɗe a bakin aiki.

Amma zuciyarsa tana wajen Hausawa. Gwamnatin Turawa ba ta yarda masu bishara su yi aiki a sake cikin ƙasashen sarakunan Musulunci ba. Bai yi gunaguni ba, bai kuma zauna jiran izini ba. Ya lura cewa Bahaushe ba ya zama wuri ɗaya, yana bin hanyar fatauci har Gwanja neman goro, duk inda ya sauka kuwa ya kafa zango. Saboda haka ya koyi Hausa da kyau, ya riƙa samun fatake a masaukinsu da kasuwanni. Da ya zauna a Jos, kasuwa ta zama wurin wa'azinsa kullum, har tsufa ya kama shi. Mai ciwo kuwa yakan ba shi magani, ko ya karɓi maganarsa ko bai karɓa ba.

Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Likita Walter Miller na Zariya, aka buga shi duka a 1932. Ya kuma ga ranar da aka buɗe wa mishan ƙofa, sa'ad da aka ba ta kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato a 1937. Shekara 35 ke nan da zuwansa. Bai taɓa yin aure ba. Ya rasu a Jos a 1948.

'Yan'uwa, hanyar fataken nan da ya sa wa ido ita ce ta kafa zangunan ƙasar Gana. Yau a Nima da Mamobi da sauran unguwanninmu na Akra, Hausa ce take haɗa kabilu iri iri a kasuwa da tasha. Ba mu da teku da za mu ƙetare, ba mu da sabon harshe da za mu koya. Abin da ya rage mana shi ne haƙurinsa da ladabinsa ga maƙwabta. Ubangiji ya ba mu irin wannan aminci har ƙarshe. Amin.