Claude Bernard: masanin da ya gano cewa hanta rumbun sukari ce

Mai ciwon sukari yakan kwana bai sa komai a bakinsa ba, amma da safe a auna jininsa a tarar sukari ya hau. Masu jinya da yawa kan ɗauka ya faki ido ne ya ci wani abu cikin dare. Amsar gaskiya ta fito ne daga wani ɗakin bincike mai danshi a birnin Paris, shekaru fiye da 170 da suka wuce, a hannun Claude Bernard, Bafaranshen da ya tabbatar cewa jikin mutum na ƙera sukari da kansa, yana kuma ajiye shi.

Daga kantin magani zuwa asibiti

An haifi Claude Bernard ranar 12 ga watan Yulin 1813 a ƙauyen Saint-Julien, kusa da garin Villefranche a ƙasar Faransa. Mahaifinsa manomin inabi ne da bashi ya yi wa katutu. Saboda haka tun yana saurayi aka kai shi koyon aiki a wani kantin magani da ke unguwar Vaise a birnin Lyon, inda yake shara, yana wanke kwalabe, yana haɗa magunguna.

A lokacin hankalinsa na kan wasan kwaikwayo. Ya rubuta wani gajeren wasa da aka nuna a Lyon, sannan ya rubuta wani dogo, ya ɗauka ya nufi Paris a 1834 da burin zama marubuci. Wani sanannen mai sharhin adabi, Saint-Marc Girardin, ya karanta rubutun ya ba shi shawara ya nemi sana'ar da za ta ciyar da shi, tunda ya san magani ya je ya karanta likitanci. Bernard ya bi shawarar.

Bai yi fice a aji ba. Hannunsa ne ya fitar da shi: ya iya fiɗa da tsabta da natsuwa. Wannan ya ja hankalin François Magendie, babban likita a asibitin Hôtel-Dieu kuma malami a Collège de France, wanda ya ɗauke shi mataimaki a 1841. Magendie ba ya yarda da abin da aka rubuta a littafi sai ya gwada ya gani, kuma almajirinsa ya gaji wannan hali.

Sukarin rake da hanyar ciki

Kundin da Bernard ya rubuta don samun digirin likita a 1843 ya shafi ruwan da ciki ke fitarwa don narka abinci. Ya yi wa dabba allurar sukarin rake ta jijiya, sai sukarin ya fita cikin fitsari ba tare da jiki ya amfana da shi ba. Da aka fara narka shi kafin a yi allurar, sai jiki ya karɓe shi. Ma'anar wannan ita ce sukarin da ake zubawa a shayi ba ya amfanar jiki yadda yake, sai an farfasa shi tukuna. Daga baya ya gano cewa ƙaramin hanji na da wani sinadari da ke raba sukarin rake gida biyu, wato gulukos da furuktos, kuma gulukos shi ne wanda ake aunawa a jini.

A 1846 aka kawo masa zomaye daga kasuwa, ya lura fitsarinsu garau yake kamar na dabba mai cin nama. Ya fahimci cewa yunwa ce ta sa jikinsu ke cin kansa. Ya ciyar da su nama, ya buɗe cikinsu, sai ya ga kitsen abincin bai fara shiga jiki ba sai daga daidai inda ruwan fankiriyas ke zubowa cikin hanji. Fankiriyas wata doguwar gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, wadda a lokacin ba a san cikakken aikinta ba. Bernard ya nuna cewa ruwanta na narka kitse, yana kuma taimakawa wajen mayar da sitati sukari. Shi ya sa shinkafa da burodi da tuwo, ko da ba su da zaƙi a baki, sukan koma gulukos idan sun isa hanji.

Hantar da aka wanke

A zamanin, manyan masana na koyar da cewa tsirrai kaɗai ke ƙera sukari, dabba kuwa ci take ta ƙone shi. Idan haka ne, duk sukarin da ke cikin jini daga abinci ya zo. Bernard ya so ya bi sawun wannan sukari don ganin inda yake ƙarewa. A 1848 ya ciyar da karnuka nama zalla, wasu kuma ya bar su da yunwa, duk da haka ya samu sukari a jininsu. Da ya bi diddigi, sai ya tarar jinin da ke fitowa daga hanta ne ke ɗauke da shi.

An yi masa ca, wasu na cewa sukarin tsohon abinci ne da ya maƙale a hanta. Amsarsa ta zo a 1855. Ya saba auna sukarin hanta sau biyu a lokaci guda, amma wata rana lokaci ya ƙure masa, ya bar awo na biyu sai washegari, ya ga adadin ya ƙaru sosai. Maimakon ya watsar da sakamakon, sai ya ɗauki sabuwar hanta ya ɗura mata ruwa ta jijiyoyinta har sukarin ya fita tas. Ya ajiye ta ta kwana. Da gari ya waye, sukari ya sake cika ta.

Ke nan akwai wani abu a cikin hanta da ruwa bai iya wankewa, wanda ke rikiɗa ya zama sukari. A 1857 ya ware wannan abu, fari mai kama da sitati, wanda aka sani da gilikojen. Wani matashin Bajamushe, Victor Hensen, shi ma ya kai ga gano shi a daidai wannan lokaci.

Aikin hanta ya yi kama da na rumbu. Bayan cin abinci takan kwashe rarar gulukos ta adana, idan an daɗe ba a ci ba ta riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, in ajiya ta yi ƙasa ta ƙera sabo daga wasu abubuwan jiki. Hantar baligi na iya riƙe kimanin giram 100, alhali duk sukarin da ke yawo a jininsa bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba. Da wannan ajiya mai azumi ke kai wa faɗuwar rana a tsaye. A jikin mai ciwon sukari kuwa ƙofar rumbun ba ta rufuwa yadda ya kamata, hanta na ta zuba sukari cikin dare ko da jini ya riga ya cika. Maganin metformin, wanda ake fara bai wa yawancin manya masu ciwon, babban aikinsa shi ne rage wannan zuba.

Inda ya tsaya

Bernard ya nuna cewa mai lafiya ma yana da sukari a jini, ciwo na farawa ne idan ya wuce kima, kuma ƙoda ba ta sakin sa cikin fitsari sai ya haura wani mizani. A yau an san mizanin yana wajen giram 1.8 a lita ɗaya ta jini, alhali ana tabbatar da ciwon tun daga giram 1.26 idan an auna kafin karin kumallo. Don haka mutum na iya ɗauke da ciwon shekaru fitsarinsa bai nuna komai ba.

Sai dai bai kai ga tushen ciwon ba. A 1849 ya soki wani wuri a ƙasan ƙwaƙwalwar zomo, sukari ya bayyana a fitsarinsa na ɗan lokaci, wannan ya sa ya karkata ga zargin jijiyoyi da hanta. Shekara 11 bayan mutuwarsa, a 1889, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas a birnin Strasbourg, karen ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin daga wannan gaɓa a Kanada.

Ya kuma lura cewa jiki ya fi jure sukarin da ya bi ta hanji a kan wanda aka zuba kai tsaye cikin jini, ya danganta hakan ga hanta. Sauran bayanin ya zo daga baya. A 1902 William Bayliss da Ernest Starling suka gano a Landan cewa hanji na aika saƙo ta cikin jini zuwa fankiriyas. A 1964 aka tabbatar cewa gulukos da aka sha ya fi wanda aka ɗura ta jijiya tayar da insulin, saboda hanji na sakin wasu sinadaran saƙo, GIP da GLP-1, da zarar abinci ya iso. GLP-1 na kuma rage saurin fitar abinci daga tumbi, yana sa mutum ya ji ya ƙoshi. A jikin masu nau'i na biyu na ciwon wannan saƙo ya yi rauni, shi ya sa lemon kwalba ko shayi mai yawan sukari, da ke wucewa hanji nan take, kan ɗaga jininsu da sauri. Allurai irin su Ozempic kwaikwayon GLP-1 suke yi. Duk wannan ya ginu ne a kan tunanin da Bernard ya gabatar a 1855, cewa gaɓa na iya zuba abin da ta ƙera kai tsaye cikin jini.

Ɗaukaka a waje, ɓaraka a gida

Ya shiga Cibiyar Kimiyya ta Faransa a 1854, ya gaji kujerar Magendie a 1855. Rashin lafiya ya mayar da shi ƙauyensu na wani lokaci, kuma a 1865 ya fitar da littafinsa kan yadda ake gwaji a likitanci, wanda har gobe ana karantawa. A 1869 aka naɗa shi sanata.

Gidansa kuwa bai zauna lafiya ba. Ya auri Marie-Françoise Martin, ƴar wani likita, a 1845, kuma dukiyar da ta zo da ita ta tallafa wa bincikensa. Amma yawancin gwaje-gwajensa a kan dabbobi masu rai yake yi, sau da yawa ba tare da maganin kashe zafi ba. Matar ta kasa jurewa, suka rabu a hukumance a 1870, ita da ƴaƴansu mata biyu suka koma fafutukar kare dabbobi. Ƴaƴansu maza sun mutu tun suna jarirai.

A 1877 aka buga darussansa kan ciwon sukari. Ya mutu a Paris ranar 10 ga watan Fabrairun 1878 sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 64. Shi ne masanin kimiyya na farko da gwamnatin Faransa ta yi wa jana'izar ƙasa, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. A yau babbar jami'ar kimiyya da likitanci ta Lyon, birnin da ya yi wankin kwalabe, sunansa take amsawa.