Tuna Baya: Georges Mahaman Condat, ɗan Maraɗi da ya zauna majalisar Faransa yana da shekara 23

Yau filinmu na tuna baya ya tsaya kan wani ɗan jahar Maraɗi da matasa da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, alhali da hannunsa cikin duk wata babbar dambarwar siyasa da anka yi kafin ƴancin kai. Sunansa Georges Mahaman Condat, ana furta shi Konda.

An haife shi a Maraɗi cikin watan Disamba na 1924. Lokacin fadar mulkin Nijar tana Damagaram, ba a maida ta Yamai ba sai 1926. Shi kansa garin Maraɗi yana can cikin fadama, kafin ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa anka hau tudu. Mahaifinsa Bafaranshe ne, mahaifiyarsa ƴar ƙasa, shi ya sa kunka ji sunan nashi biyu. Ya yi karatun boko a zamanin da ake ƙirga ƴan lakwal da yatsu.

Bayan yaƙin duniya na biyu al'amura sunka fara sauyawa. A 1946 anka soke aikin tilas, anka ba ƙasashen da Faransa ke mallaka damar tura wakilai majalisar dokoki ta Paris. A shekarar ce anka kafa jam'iyyar PPN, reshen RDA mai alamar giwa, Diori Hamani ya zama ɗan majalisar Nijar na farko. Sai dai ƙarfin PPN ya fi yawa a yamma, wajen ma'aikata da malaman makaranta, kuma Nasara ba su yarda da ita ba saboda ƙawancen RDA da ƴan kwaminis na Faransa.

To, nan ne Condat ya shigo. A 1948 anka ƙara wa Nijar kujera ta biyu. Sarakunan gargajiya da wasu ƴan boko sunka kafa jam'iyyar UNIS a Maraɗi, da goyon bayan gwamnan mulkin mallaka, sunka tsaida shi. Ya ci zaɓen watan Yuni na wannan shekara yana da shekara 23 kacal. A tuna fa, wancan lokaci ba kowa ke jefa ƙuri'a ba. Sarakuna, ma'aikata, tsofaffin soji da ire-irensu ne ke da kati. Manomin da ke noma gyaɗar da ake ɗauka zuwa Kano, yana biyan haraji duk shekara, galibi ba a tambayarsa.

A 1951 UNIS ta kwashe kujerun biyu duka, Condat da Zodi Ikhia sunka wuce, Diori ya faɗi. Amma tafiyar ba ta ɗore ba. A 1953 Condat ya fice ya kafa tashi jam'iyyar, UPN. A zaɓen 2 ga Janairu 1956 ya sake cin kujerarsa karo na uku, Diori kuma ya dawo. Cikin wannan shekara ya haɗa kai da Issoufou Saïdou Djermakoye cikin ƙungiyar BNA, daga nan sunka ƙulla ƙawance da Djibo Bakary, jagoran ƴan ƙwadago da talakawa. Haɗuwar ce jama'a sunka sani da Sawaba, mai alamar raƙumi. Kun ji abin mamaki: wanda sarakuna sunka tsaida ya koma tafiya ɗaya da masu kukan talaka.

Dalili a fili yake. Dokar Defferre ta 1956 ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe. Ƙuri'a ta fita daga fada ta shiga kasuwa, tasha da gona, kuma mafi yawan jama'a suna nan gabas, ƙasashen Maraɗi, Tasawa, Tawa da Damagaram. Duk ɗan siyasar da bai gane haka ba, ya kwana a hanya. A zaɓen 31 ga Maris 1957 Sawaba ta samu kujeru 41 cikin 60 na majalisar ƙasa. Djibo Bakary ya kafa gwamnatin ƴan ƙasa ta farko, Condat kuwa anka ba shi shugabancin majalisa.

Kujerar ba ta yi shekara biyu ba. A 1958 Janar de Gaulle ya kawo zaɓen raba gardama: ko a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ɗauki ƴanci nan take. Djibo Bakary ya yi kira a ƙi tarayyar, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine. Faransa ta aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, sarakuna da yawa da wasu manyan abokan tafiya sunka juya wa Sawaba baya. Ranar 28 ga Satumba, kusan kashi 78 cikin ɗari na ƙuri'un da anka ƙirga sunka amince da tarayya. Gwamnatin Djibo ta sauka, anka rusa majalisar da Condat ke shugabanta. Bayan zaɓen Disamba, Boubou Hama ya hau kujerar, anka yi shelar Jamhuriya ranar 18 ga wata. A 1959 anka haramta Sawaba, magoya bayanta da dama sunka sha ɗauri da gudun hijira.

Condat bai bi hanyar hijira ba. Bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960 ya shiga aikin jakadanci ƙarƙashin Diori, mutumin da sunka daɗe suna hamayya, har ya wakilci Nijar a Amurka a farkon shekarun 1970. Ya rasu a Yamai ranar 25 ga Oktoba 2012, yana da shekara 87.

Har yau dattawa ba su zama baki ɗaya kan irin wannan rayuwa ba. Wasu na ganin sauya sheƙa ce ta mai bin inda iska ta kaɗa. Wasu na ganin mutum ne da ya iya zama da kowa, ba ya ɗaukar siyasa gaba. Abin da ba a gardama kansa shi ne, shekara goma cur ƙuri'ar mutanen Nijar na kai shi Paris, kuma duk sanda masu zaɓe sunka ƙaru, sai da ƴan siyasa sunka sake lissafi, shi ma ya sake nashi.

A nan karkara, sai a 2004 anka fara zaɓen ƴan majalisar ƙananan hukumomi irin tamu ta Korahane, shekara 56 bayan zaɓen Condat na farko. Katin da kakanninmu ba su samu ba sai 1956 ba abin sayarwa ba ne kan sabulu ko turmin atamfa. In da tsoho ko tsohuwa a gidanku da sunka ga zamanin giwa da raƙumi, ku zauna ku tambaye su tun suna da rai.