Pearl Primus

Pearl Eileen Primus (29 ga Nuwamba, 1919 – 29 ga Oktoba, 1994) 'yar rawa ce, mai tsara raye-raye, kuma masaniyar ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa a ƙasar Amurka. Tana cikin waɗanda suka fara kai raye-rayen Afirka manyan dandamali da azuzuwan jami'a a Amurka, a zamanin da Turawa da yawa ke kallon rawar Afirka a matsayin tsalle-tsalle marar tsari. Ta ziyarci Najeriya, inda Sarkin Ife ya raɗa mata suna Omowale.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a birnin Port of Spain na ƙasar Trinidad. Iyayenta sun yi ƙaura zuwa New York tana da shekara 2. Ta yi karatu a Kwalejin Hunter, ta kammala a shekarar 1940 da digiri a fannin ilimin halittu da share fagen likitanci, domin burinta a lokacin shi ne ta zama likita. Da ta nemi aiki a ɗakunan gwaje-gwaje don ta tara kuɗin ci gaba da karatu, ba ta samu ba saboda wariyar launin fata. Wannan ya sa ta shiga wani shirin gwamnati na sama wa matasa aiki, kuma ta nan ne ta faɗa harkar rawa.

A 1941 makarantar New Dance Group ta ba ta tallafin karatu. Ta koyi rawar zamani a wurin malamai irin su Martha Graham da Charles Weidman. A gefe guda kuma tana zuwa ɗakunan karatu da gidajen tarihi tana bincike a kan raye-rayen Afirka da na yankin Karibiyan.

Sana'ar rawa

Ta fara fitowa gaban jama'a a watan Fabrairun 1943 a New York da rawar African Ceremonial, wadda ta shafe watanni tana yi mata bincike. A wannan shekarar ta kama aiki a gidan rawa na Café Society, wanda ya yi suna wajen karɓar baƙar fata da farar fata ba bambanci. An san ta da tsalle mai tsawo, har kusan ƙafa 5 daga ƙasa.

Yawancin ayyukanta na farko sun taɓo halin da baƙar fatar Amurka ke ciki. Strange Fruit ta nuna kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe ta hanyar ratayewa. The Negro Speaks of Rivers kuwa ta gina ta ne a kan waƙen Langston Hughes. A 1944 ta tafi kudancin Amurka, ta zauna tare da talakawan manoma, ta tsinci auduga tare da su, ta halarci coci-cocinsu. Talaucin waɗannan manoma shi ne jigon rawarta Hard Time Blues.

Tafiya Afirka

A 1948 Gidauniyar Rosenwald ta ba ta tallafin dala 4,000 don ta yi nazarin rawa a Afirka. Ta yi kimanin wata 18 tana zagaya ƙasashe da suka haɗa da Najeriya, Laberiya, Kamaru, Angola, Kwango da Gold Coast, wato Ghana ta yau. Tsarinta shi ne ta zauna cikin mutanen gari, ta koyi rawa daga masu ita, ta kuma binciki dalilin yin ta: ta biki ce, ta aiki, ko ta bauta.

A Ife, Ooni Adesoji Aderemi ya sa mata suna Omowale. Sunan Yarbanci ne da ya ƙunshi kalmomi uku, ọmọ da wá da ilé, wato ɗa da zuwa da gida, ma'ana 'ya ta dawo gida. Daga Laberiya ta koma da Fanga, rawar maraba da baƙi, wadda har yau ake koyar da ita a makarantun rawa na Amurka. A 1959 ta sake komawa Laberiya, inda ta shugabanci wata cibiyar wasannin gargajiya a Monrovia.

Aikin jami'a

Primus ta daɗe tana haɗa rawa da karatu. Ta samu digirin digirgir a Jami'ar New York a 1978, tana da shekara kusan 60. Ta koyar a jami'o'i da dama, ciki har da gamayyar kwalejoji 5 na jihar Massachusetts a shekarun 1980. Ra'ayinta shi ne rawa hanya ce ta isar da saƙo kamar harshe, don haka ɗalibi ba zai iya ta yadda ya kamata ba sai ya san al'ummar da ta fito daga ciki. A 1974 ƙungiyar rawa ta Alvin Ailey ta gabatar da ayyukanta biyu, Fanga da The Wedding.

Iyali da mutuwa

Ta auri Percival Borde, ɗan rawa kuma makaɗi ɗan Trinidad, a 1954. Sun haifi ɗa ɗaya, kuma sun yi aiki tare har mutuwarsa a 1979. A 1991 Shugaba George H. W. Bush ya ba ta lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha. Ta mutu a garin New Rochelle na jihar New York bayan fama da ciwon suga, tana da shekara 74.