Teslim Balogun: Aradun da ma'aikatu suka yi rububinsa

Tun kafin a san kasuwar cinikin 'yan wasa a Najeriya, an yi wani ɗan ƙwallo da ma'aikatun gwamnati da kamfanonin Legas suka riƙa fizgewa daga hannun juna. Sunansa Tesilimi Olawale Balogun, amma laƙabin Thunder, wato aradu, shi ya bi shi har kabari, saboda ƙarfin bugunsa. Ƙarfin ya kai har aka ƙaga almara iri-iri a kansa, ciki har da ta mai tsaron gidan da wai ƙwallo ta ratsa cikinsa. Almara ce kawai, amma ba a yi wa ɗan wasa irinta sai ya cika idon jama'a.

Ɗan Legas ne, sai dai a Fatakwal ya yi karatunsa. Fatakwal ta wancan zamani gari ne na tashar jirgin ruwa da layin dogo. An shimfiɗa dogon ne don kwaso kwal daga Inugu, ya isa can a 1916, daga baya aka zarce da shi Arewa ta Makurɗi da Kafancan. Ta wannan layi shanu da fataken Hausawa suka riƙa gangarowa, unguwanninsu suka ƙara cika a Inugu da Fatakwal, kamar yadda kogin Kwara da babbar kasuwa suka ja wasu zuwa Anacha. Cuɗanyar ta yi nisan da Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Ƙwallo ma dogon ta bi. Duk inda aka kafa tasha da barikin ma'aikata, ba a daɗewa sai a share fili a kafa raga.

A lokacin da Balogun ya fara tashe, ƙungiyoyin da ke jan zare na ma'aikatu ne da kamfanoni: Reluwe, da Marine ta sashen jiragen ruwa, da 'yan sanda, da kamfanin UAC. A takarda babu ɗan wasan da ake biya don ya taka leda. Abin da ake yi shi ne a ɗauke shi aiki, akawu ko makaniki, a ba shi albashin wata da lokacin atisaye. Wanda ya san aikin gwamnati ya san nauyin wannan tayi a zamanin da takardar ɗaukar aiki ke sauya rayuwar zuriya guda. Da ita ake sayen ɗan wasa, kuma da wadda ta fi ta tsoka ake ƙwace shi.

Jerin ƙungiyoyin da ya yi wa wasa ya isa shaida: Apapa Bombers, Marine, UAC, Reluwe, ƙungiyar Jos, Pan Bank, Dynamos da SCOA. Takwas ke nan. Ya buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa sau bakwai, ya ɗaga shi sau biyar. Wannan kofi shi ne wanda aka soma a 1945 da sunan Kofin Gwamna, daga baya ya koma Kofin Ƙalubale. A 1952, lokacin da Pan Bank ta lallasa Warri da ci 6 da 1, shi kaɗai ya jefa uku.

Mai duba wannan jeri da gaggawa zai ce ai magana ta ƙare, duk wanda ya ɗauki Balogun ya ɗauki kofi. Tarihin kofin bai goyi bayan haka ba sosai. Ƙungiyar da ta fi kowa mamaye shi a waɗannan shekaru ita ce Reluwe ta Legas, wadda ta ci a 1946 da 1948 da 1949 da 1951 da 1956 da 1957, wasu yana cikinta, wasu kuwa ba ya cikinta. Sirrinta ba ɓoyayye ba ne: babbar ma'aikata ce mai iya riƙe 'yan wasa da yawa a kan albashi shekara da shekaru. Pan Bank kuwa, da ta haska a 1952, ba ta sake ɗaga kofin ba. A 1953 ma ƙungiyar Kano ce ta doke Dynamos, kofin ya bar Legas a karon farko. Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe a shekaru biyun da suka biyo, Kalaba ta doke ta a 1954, Fatakwal a 1955. Waɗannan ƙungiyoyi ne na gari, waɗanda aka tsamo 'yan wasansu daga unguwanni da ma'aikatun garin.

Masana sun zo daga baya sun auna wannan al'amari da alƙaluma. Littafin Soccernomics na Simon Kuper da Stefan Szymanski, wanda ya fito a 2009, ya kawo nazarin ƙungiyoyin Ingila 40 daga 1978 zuwa 1997. Abin da suka kashe wajen sayen 'yan wasa ya bayyana kashi 16 cikin ɗari ne kacal na bambancin matsayinsu a teburin lig, albashi kuwa ya bayyana kashi 92. Shugabannin Reluwe ba su karanta wannan littafi ba, amma abin da suka yi ke nan.

A 1949 Balogun yana cikin 'yan wasa 18 da suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila ƙarƙashin kyaftin Etim Henshaw, tawaga ta farko da ta wakilci Najeriya a waje. Yawancinsu ba takalmi suka yi wasa. Sun ci wasansu na farko da Marine ta Crosby da ci 5 da 2, a hanyar dawowa kuma suka tsaya Firitawun suka doke Saliyo da ci 2 da nema. A 1955 ya koma Ingila, ya sa hannu da Peterborough United, wadda a lokacin ba ta ma shiga babbar gasar lig ta ƙasar ba. Ya ratsa ta Skegness Town, sannan Queens Park Rangers ta rukuni na uku ta ɗauke shi a kakar 1956 zuwa 1957, inda ya ci ƙwallo 3 a wasannin lig 13. Ya ƙarasa da Holbeach United.

Ba a yi arziki da ƙwallo a Ingilar wancan lokaci. Akwai dokar da ta ƙayyade iyakar albashin ɗan wasa, wadda ba a soke ba sai 1961, lokacin tana fam 20 a mako. Abin da ya dawo da shi gida shi ne takardar shaidar horar da 'yan wasa, kuma ana lissafa shi a matsayin ɗan Afirka na farko da ya samu irinta. Yana cikin masu horar da tawagar da ta je gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, wadda ta yi kunnen doki 3 da 3 da Birazil. Ƙashin bayan wannan tawaga 'yan Stationery Stores ne, ƙungiyar da attajiri Israel Adebajo ya gina da kuɗin aljihunsa. Zamanin ma'aikatu ya fara ja baya, na masu hannu da shuni ya kunno kai.

Balogun bai ga inda wannan sauyi ya kai ba. Ya rasu ranar 30 ga Yulin 1972, shekarar da aka fara gasar lig ta ƙasa, wadda Mighty Jets ta Jos ta lashe. Abokin tafiyarsa a 1949, Dan Anyiam, shi ne ya fara horar da Rangers ta Inugu, ƙungiyar da aka kafa a 1970 daga samarin da suka fito daga yaƙin basasa hannu rabbana. Ta ci lig a 1974 da 1975 da 1977, kuma a 1977 ta haɗa da kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu. Abiola Babes, wadda marigayi M.K.O. Abiola ya zuba wa dukiya, ta ɗaga Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987, amma har aka rushe ta ba ta taɓa cin lig ba.

Filin wasan da gwamnatin Jihar Legas ta gina a Surulere, daura da babban filin wasa na ƙasa, sunan Teslim Balogun yake ɗauke da shi. An buɗe shi a 2007, kuma yana cikin filayen da aka buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.